Jif a Kan Ƙanƙara: Darasin da Yashi Bai Koya Mana Ba

Bahaushe yana da kyakkyawan zato ga jif, kuma ba a banza ba. Duk wanda ya taɓa bin hanyar karkara a tsakiyar watan Agusta ya ga yadda ƙananan motoci ke kafewa a taɓo, fasinjoji sun naɗe ƙafar wando suna turi, Hilux ta raɓa su ta wuce kamar a kan kwalta. A Nijar, inda ake ce wa irin waɗannan motoci kat-kat, su ne ke ratsa rairayin Tenere daga Agadas zuwa Dirku. Land Cruiser da Prado kuwa sun daɗe da wuce matsayin abin hawa a wajenmu, sun zama shaidar cewa mai su ya isa. Saboda haka idan ɗayanmu ya samu aiki ko gurbin karatu a ƙasar da ake zuba dusar ƙanƙara, aka fara ba shi labarin hunturun can, abin da ke fara faɗo masa a rai shi ne ya nemi mota mai ja da tayoyi huɗu, ya huta da fargaba.

Hunturu biyar ke nan ina tuƙi a Otawa, babban birnin Kanada, inda dusar ƙanƙarar da ke sauka a shekara kan haura mita 2, kuma a watan Janairu ba abin mamaki ba ne a wayi gari da sanyin digiri 20 ƙasa da sifiri. Aikin jarida kan fitar da ni da asuba, kafin motocin share titi su gama zagayensu. A irin wannan safiya, cikin motocin da suka zame suka nutse a gefen hanya ba a rasa manyan jif, kuma sau da yawa su ne suka fi yin nisa da kwalta. Dalilin ba shi da sarƙaƙiya, sai dai ya saɓa wa abin da muka taso da shi. Ja da tayoyi huɗu yana taimaka wa mota ta tashi, ta hau tudu, ta fita daga inda ta kafe. Wajen tsayawa ba ya ƙara mata komai. Kowace mota, daga Corolla har Land Cruiser, birki huɗu gare ta.

Abin da yashi ya koya mana

Ilimin tuƙin jif da muke da shi a yashi da laka muka samo shi, kuma ilimi ne na gaske. Direban Sahara ya san ya rage iskar taya domin ta baje a kan rairayi, ya san kada ya ɗaga ƙafa daga totur a tsakiyar tudun yashi, domin a can tsayawa ita ce kafewa. Abokin gabansa rashin motsi ne, maganinsa kuma ƙarfin inji da ci gaba da tafiya. Abin da ba a cika lura da shi ba shi ne, yashi da laka su kansu birki ne. Da zarar ka saki totur, ƙasa za ta riƙe motar ta tsayar da ita cikin 'yan taku, ko ba ka taɓa birki ba.

Ƙanƙara ba ta riƙe komai. Motar da ta ɗauki gudu a kanta za ta ci gaba da nufar inda ta dosa, ko tayoyin sun daina juyawa, ko an karya sitiyari har ƙarshe. Don haka halayen da ke ceton direba a yashi, wato danna totur da dogara da ƙarfin mota, su ne ke jefa shi rami a kan ƙanƙara. Hatta rage iskar taya ba ta da gurbi a titin hunturu. Sanyi da kansa yana rage iskar, shi ya sa ake auna ta a kai a kai a mayar da ita daidai yadda kamfanin motar ya rubuta a jikin ƙofar direba. Idan kiɗa ya canza, dole rawa ta canza.

Tafin hannu huɗu

Duk nauyin mota da ƙarfin injinta a wuri huɗu suke haɗuwa da ƙasa, kowanne bai fi faɗin tafin hannu da yawa ba. Injiniyoyi suna auna kamun da roba ke yi wa titi da lamba. A busasshiyar kwalta lambar kan kai kimanin 0.7 ko sama da haka. A kan dusar da motoci suka tattake takan sauka zuwa tsakanin 0.2 da 0.3. A kan ƙanƙara mai sulɓi kuwa kimanin 0.1 ce.

Ga abin da wannan ke nufi a aikace. Motar da ke gudun kilomita 50 a awa, daga lokacin da birki ya kama, za ta tsaya cikin kimanin mita 14 a busasshiyar kwalta. A kan tattakakkiyar dusa za ta buƙaci kusan mita 40. A kan ƙanƙara za ta kusa cinye mita 100, wato kusan tsawon filin ƙwallo, kuma ba a ƙirga tafiyar da ta yi kafin ƙafar direba ta isa birki ba. Kundin dokokin hanya na Birtaniya yana gargaɗin cewa tazarar tsayawa a kan ƙanƙara na iya ninka ta busasshen titi har sau goma. Sannan gudu ba ya biyan kuɗinsa ɗaya bayan ɗaya: idan aka ninka shi sau biyu, tazarar tsayawa ninkuwa take yi sau huɗu. A gudun kilomita 100 a kan ƙanƙara, ana maganar kusan mita 400 ne.

A cikin wannan lissafi duka babu inda aka tambayi tayoyi nawa injin ke juyawa. Nauyi ma bai taimaka ba. Land Cruiser tana da nauyin kusan tan biyu da rabi, kusan ninki biyu na Corolla, kuma wannan nauyin ba ya gajarta mata tazarar tsayawa. Abin da yake yi shi ne ƙara ƙarfin dukan da za ta yi wa duk abin da ta tarar. Tsayinta kuma, wanda ke amfani a hanyar ramuka, yana sa ta fi saurin kifewa idan ta zame a kaikaice ta daki gefen titi ko tudun dusar da aka share.

Akwai kuma wata ƙa'ida da ta kamata kowane direba ya riƙe. Kamun da taya ke da shi ƙayyadadde ne, kamar albashin wata. Daga cikinsa ake biyan birki, daga cikinsa ake biyan kwana, daga cikinsa ake biyan ƙarin gudu. A busasshen titi albashin yana da auki, ana iya taka birki a cikin kwana ba a ji komai ba. A kan ƙanƙara ɗan kaɗan ne, wanda ya kashe shi wajen birki ba shi da abin da zai biya kwana.

Motar da ke ɓoye gaskiya

Haɗarin jif na musamman yana nan ne: tana ɓoye wa direbanta halin da titi ke ciki. Mai ƙaramar mota da ke ja da tayoyi biyu, tun daga ƙofar gidansa tayoyin za su yi ta juyawa a wuri guda kafin motar ta motsa. Ransa zai ɓaci, amma ya samu labari, kuma zai yi sauran tafiyar da taka-tsantsan. Mai jif zai tashi sumul, domin injin ya raba ƙarfinsa gida huɗu, kowace taya ta ɗauki abin da take iya ɗauka. Daga kujerarsa mai tsayi, da ɗumi a cikin mota, babu abin da ya gaya masa cewa a kan gilashi yake tafiya. Labarin zai iso masa ne a fitilar hanya ta farko ko a kwanar farko, lokacin da ya riga ya kai gudun da titin ba zai iya karɓa ba.

Yana da kyau kuma mutum ya san irin motar da yake tuƙawa, domin ba duk mai ja da tayoyi huɗu ce iri ɗaya ba. Akwai irin tsarin Hilux, wanda direba ke zaɓa da hannunsa tsakanin 2H da 4H da 4L. Ba a sayar da Hilux a Kanada, amma 'yan uwanta irin su Tacoma da F-150 sun cika gari. A 4H, irin wannan tsari yana ɗaure gaba da baya su juya da gudu ɗaya. Hakan ya dace da titin da dusa ta lulluɓe, amma a busasshiyar kwalta yana sa motar ta riƙa tirjewa a kwana, yana kuma gajiyar da kayan ƙarƙashinta. A 2H kuwa tayoyin baya kaɗai ke ja, kuma a-kori-kurar da ba ta ɗauke da kaya bayanta ba shi da nauyi, saboda haka yana saurin wutsilewa. Shi ya sa masu irin waɗannan motoci ke ɗaure buhunan yashi a baya, daidai saitin tayoyi. Shi kuwa 4L na rarrafawa ne a fita daga inda aka kafe, ba na titi ba ne. Akwai kuma irin RAV4 da CR-V, waɗanda galibi da gaba suke ja, sai kwamfutar motar ta ga bukata ta tura ƙarfi baya. Akwai irin Subaru da Land Cruiser da ke ja da huɗun a kowane lokaci. Duk bambancin nan a wajen tashi da hawa yake. Da an taka birki, dukkansu sun koma abu ɗaya.

Taya ita ce magana

Abin da ke canza lissafin tsayawa shi ne taya. Robar tayar da ake kira ta kowane lokaci tana fara taurara idan sanyi ya sauka ƙasa da digiri 7, kuma taurarriyar roba ba ta kama titi. Tayar hunturu an haɗa robarta ne domin ta zauna da laushi a cikin sanyi, an kuma yi mata dubban ƙananan tsaga da ke buɗewa su ciji dusa da ƙanƙara. Ana gane ta da tambarin dutse mai ƙololuwa uku da ƙwayar dusa a tsakiya, a gefen tayar. Huɗu ake sakawa. Wanda ya saka biyu a gaba kaɗai ya haɗa motar da gabanta ke kama titi bayanta na zamewa.

Kogi ne kawai ya raba Otawa da Gatineau, amma dokar ta bambanta. A lardin Kebek, tun 2008 doka ta wajabta tayoyin hunturu, kuma a yanzu wa'adin daga 1 ga Disamba ne zuwa 15 ga Maris. Dokar ba ta ware jif ba, kuma wannan kaɗai ya isa hujja ga mai tunani. A Ontariyo ba dole ba ne, amma tun 2016 an wajabta wa kamfanonin inshora su yi rangwame ga wanda ya saka su. A Suwidin ma wajibi ne daga 1 ga Disamba zuwa 31 ga Maris muddin titi na cikin yanayin hunturu, kuma ba a ba da lasin tuƙi sai mutum ya yi horo a filin da aka mayar mai santsi da gangan. Mutanen da suka gaji ƙanƙara kaka da kakanni ba su ɗauki kansu sun fi ƙarfin koyo ba.

Hannu da ƙafa

Tuƙin ƙanƙara tuƙin lallashi ne. Ana taɓa totur da birki da sitiyari kamar mai ɗauke da ƙwarya cike da nono. Ana gama rage gudu tun motar na miƙe, kafin a shiga kwana, sannan a juya a hankali, sai an fito a ƙara mai. Ni nakan bar tazarar daƙiƙa 8 zuwa 10 tsakanina da motar gaba idan titi ya yi santsi, ina ƙirgawa daga lokacin da ta wuce wata alama har in iso wurin. Da na fito daga gida kuma, a miƙaƙƙen layin da babu kowa a bayana, nakan taka birki a ƙaramin gudu domin in ji abin da titin zai ce. Wannan gwaji na daƙiƙa biyu yana mayar wa mai jif labarin da motarsa ta ɓoye masa.

Idan tsayawar gaggawa ta kama, motocin yanzu suna da ABS, na'urar da ke hana tayoyi ƙamewa. Ana taka birkin da ƙarfi a riƙe. Zai yi ta karkarwa a ƙarƙashin ƙafa yana gurnani, kuma wannan shi ne aikinsa, ba lalacewa ba ce. Amfaninsa shi ne sitiyari na ci gaba da aiki yayin da ake birki. Na'urar da ke riƙe gudu da kanta a doguwar hanya kuwa kashe ta ake yi, domin ita ba ta ganin santsi. A gangara ana sauka da ƙaramar giya tun daga sama.

Zamewa iri biyu ce. Idan gaban mota ya ƙi bin sitiyari ya miƙe, ƙara karya sitiyarin ba ya magani. Ana sassauta totur, a ɗan warware sitiyari, a jira tayoyin gaba su sake kamu. Idan baya ne ya wutsile, ana juya sitiyari zuwa inda ake son motar ta nufa, ba tare da dukan birki ba. A duka biyun ido shi ne jagora: hannu yana bin inda ido ya kafe, wanda ya zuba wa turken fitila ido shi zai daka. Karanta wannan ba ya wadatarwa. Filin ajiye motoci da babu kowa, da safiyar da dusa ta sauka, da gudun da bai wuce kilomita 20 ba, sun fi shafi goma na bayani.

Ƙanƙarar da ba a gani

Farar dusa tana sanar da kanta. Wadda ta fi kisa ita ce siririyar ƙanƙarar da ke shimfiɗa a kan kwalta ba ta da launi, titi ya yi kamar an yayyafa masa ruwa. Ta fi samuwa idan sanyi yana kusa da sifiri, lokacin da ruwan sama ke daskarewa da zarar ya taɓa ƙasa, ko dusar da ta narke da rana ta sake ƙamewa da dare. Alamarta ita ce titi yana sheƙi amma tayoyin motar gaba ba sa fesa ruwa, kuma ƙarar tayoyinka ta yi shiru. Gada tana daskarewa kafin sauran titi, domin iska mai sanyi na ratsa ta sama da ƙasa. Gishirin da ake watsawa a titi kuma ƙarfinsa yana raguwa sosai idan sanyi ya kai wajen digiri 10 ƙasa da sifiri.

Da asubahin 11 ga Fabrairu 2021, a wani ɓangare na babbar hanyar I-35W da aka ɗaga sama a Fort Worth ta jihar Teksas, motoci kimanin 130 suka afka wa juna a kan irin wannan ƙanƙara, mutum 6 suka rasu. Hukumar binciken haɗurran sufuri ta Amurka ta ɗora laifi kan yadda ake sa ido a kan hanyar, ta kuma ce gudun direbobi, wanda ya fi ƙarfin yanayin, ya ƙara munin abin. Teksas gari ne na manyan a-kori-kura da jif, kuma wuri ne da ba a saba da ƙanƙara ba. Ta wannan fuska mutanen can sun yi kama da mu sababbin zuwa.

Idan hanya ta toshe

Wani lokacin ba zamewa ce matsalar ba, tsayuwa ce. A farkon Janairun 2022 dusa ta toshe hanyar I-95 a jihar Virginia, ɗaruruwan motoci suka kwana a kanta, har da ta Sanata Tim Kaine, wanda ya shafe kimanin awa 27 kafin ya isa Washington. Jif ba ta tsallake tirelar da ta gitta a gabanta. A guguwar dusar da ta rufe Buffalo a Disambar 2022, fiye da mutum 40 suka rasu, wasunsu a cikin motocinsu.

Saboda haka tankin mai ba ya sauka ƙasa da rabi a hunturu, kuma but ba ya rabuwa da bargo, shebur, tocila, igiyar ja, wayar tayar da batir, ruwan sha da ɗan abin ci. Wanda ya maƙale, zama a cikin mota ya fi masa fita cikin guguwa. Yana tayar da inji kamar minti 10 a kowace awa domin ɗumi, amma kafin ya tayar sai ya fita ya share dusar da ta toshe bakin salansa. Idan ta toshe, hayaƙin da ba shi da wari ko launi zai dawo cikin motar, kuma barci yake sawa wanda ba a farkawa. Kafin a tashi daga gida kuma ana share dusa daga gilasai da fitilu da rufin mota baki ɗaya. Rufin jif yana da tsayi, ana ƙyuyar share shi, amma tulin da ke kansa kan zubo a gilashin gaba da an taka birki, ko ya tashi ya faɗa wa motar baya.

Inda ya kamata kuɗin ya tafi

Da yawa daga cikin mutanenmu a nan ba su da zaɓin zama a gida idan dusa ta sauka. Akwai ma'aikatan jinya masu aikin dare, akwai ɗaliban da ke kai saƙon abinci da mota domin biyan haya, akwai iyayen da ke kai yara makaranta kafin gari ya waye. Kuɗin sabon zuwa kuma ƙirgagge ne. Shawarata ga wanda aljihunsa ba zai ɗauki duka biyun ba ita ce, ƙaramar mota mai ja da gaba da tayoyin hunturu huɗu masu kyau ta fi jif mai tayoyin kowane lokaci aminci a titin birni da babbar hanya. Wanda yake da halin haɗa jif da tayoyin hunturu ya samu mafi kyau, musamman idan yana zaune a ƙauye ko a kan tudu inda motar share titi ke jinkirin zuwa. Amma ko shi, gudun da zai yi shi ne wanda zai iya tsayawa daga gare shi, kuma wannan gudun ɗaya ne da na maƙwabcinsa mai Corolla.

Hunturun gida ya koya mana abu guda da ke da amfani a nan: idan hazo ya rufe hanya, dattijon direba yakan kunna fitila, ya rage gudu, wani lokacin ma ya ce a bari sai gari ya washe. Hukumar yanayi ta Kanada tana fitar da gargaɗin ruwa mai daskarewa tun kafin ya iso, kuma a irin wannan rana ɗaga tafiya zuwa gobe yana cikin ƙwarewar tuƙi. Sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba.